Ƙaron Tawadar Baba Malam a Japan

Tunda na dawo daga Japan ba a bar ni na sha ruwa da daɗi ba. In na je biki a Gaya tambaya, in na shiga ofis tambaya. Har mai kitsona sai da ta saki kaina ta zagayo gabana, wai in rantse mata ko da gaske ɗanyen kifi suke ci. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Duk wadda ta sake tambayata in miƙa mata ta karanta, ni kuma in huta.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Hauwa. Ina koyar da ilimin haɗa magunguna a jami'a. Aure ne ya zaunar da ni a Gaya, amma ni 'yar Toranke ce ta ƙasar Ajingi. Mahaifina malamin allo ne, kowa Baba Malam yake ce masa. Bai taɓa kiran sunana ba, don sunan mahaifiyarsa na ci. Uwata yake ce mini tun ina yawo ba ɗankwali.

Bari in fara da abin da ya kai ni, don har yanzu wasu na cewa ɗinki na je koyo. Maganin cutar daji yana da mugun hali. In ya shiga jini ba ya tambayar hanya, duk inda ya samu duka yake. Shi ya sa gashin mara lafiya ke zubewa, amai ya hana shi sakat, tun maganin bai isa inda aka aike shi ba. Aikinmu shi ne mu naɗe maganin a cikin wani ɗan kwanso wanda ido ba ya gani. Ƙwayoyin nano ake ce musu. Kwanson na wani sinadari ne mai kama da roba, sai dai shi yana narkewa a jiki a hankali, ya saki maganin, ya ɓace. Matsalar ita ce kwanso ba shi da ido. Dole a shafa masa wani abu da hanta ke so, don in ya zo wucewa ta cafke shi. Ni ƙaro na zaɓa, saboda akwai wani irin sukari a cikinsa da ƙwayoyin hanta ke kamawa.

Ba a littafi na fara sanin ƙaro ba. A zauren Baba na san shi, inda yake jiƙa shi ya haɗa tawada. Ƙaro ne ke riƙe baƙin tawada ya hana shi kwanciya a ƙasan kurtu. Ina ƙarama nakan saci ɗan guntu in tsotsa, ya gan ni ya yi kamar bai gani ba.

Na yi shekaru ina wannan bincike kafin wata jami'a a Japan ta ba ni gurbin wata shida a ɗakin gwaje-gwajenta. Labarin ya zo ne a makon da asibiti a Kano suka tabbatar mana cewa kumburin cikin Baba da rawayar idonsa cutar daji ce ta hanta, kuma ta yi nisa. Nan take na yanke shawara na fasa tafiyar. Amma yayana Sani, wanda Allah ya yi masa baiwar haɗa labarai biyu su zama ɗaya, ya riga ya zaga gari. Kafin in isa Toranke, har Gafasa an ji cewa Hauwa za ta Japan ɗauko wa Malam magani.

Na tarar da zauren cike da masu dubiya. Na durƙusa na gaishe shi, ina shirin in ce na fasa, sai ya jawo wani ƙullin tsumma daga bayan littattafansa ya tura gabana. Ƙaro ne, manya-manya, jajaye kamar zuma.

"Ki tafi da wannan, Uwata."

"Baba, ai can suna da nasu, tatacce, a kwalba."

"Nasu na wa? Kin san itacen da ya fito? Wannan na san uwarsa. Dakwarar bayan gonata ce, ni na tsaga ta da hannuna." Ya gyara zama da ƙyar, ya dube ni. "In an haɗa maganin, ki taho mana da shi."

Na san maganin ko ɓera bai sha ba tukuna, balle mutum. Amma a garinmu 'ya ba ta ce wa ubanta a'a a gaban jama'a, musamman in ya ba ta sallahu. Na sunkuyar da kai na ce, "To, Baba." Zauren ya ɗauki amin. Wannan "to" ɗin ta fi akwatina nauyi, kuma ita na yi ta ja har Japan.

Ranar tafiya maigidana ne ya kai ni Kano, Yaya Sani a gaba yana ba shi umarnin tuƙi alhali ko keke bai iya ba sosai. Ranar kasuwar Wudil ce, shanu sun cika hanya, muka yi ta rarrafe har muka haye gada. Ina ta duba agogo, shi kuwa Yaya ya sauka ya sayo kilishi ya cusa mini a jaka. "Na Farfesan da za ki wurinsa ne," in ji shi. "Ba a zuwa gidan mutum hannu biyu. In ya ci wannan, da kansa zai ƙara miki maganin."

A jirgi na zauna kusa da wata Hajiya 'yar kasuwa mai zuwa Sin saro kaya. Da ta ji aikina, sai ta ɗage zane ta nuna mini gwiwarta, daga nan ta koma baya, ta gangaro hawan jinin mijinta. Kafin mu sauka Habasha na duba iyalinta kaf, har da waɗanda ke Kano. Ta saka mini da dabino da nasiha: duk ƙasar da na je, in riƙe butata. Wallahi duk tafiyar ban sami shawarar da ta kai wannan amfani ba.

A filin jirgin Japan na gamu da jarrabawar farko. Ina tsaye a layi sai ga wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa, sanye da riga, ya zo ya zauna daidai gefen jakata yana kallona. Na yi tsalle na tattare hijabina ina salati. Ashe ma'aikaci ne, kuma ya fi wasu ma'aikatan da na sani ƙwazo. Wani jami'i mai farin safar hannu ya rusuna mini, ya buɗe jakar, ya zaro kilishin Yaya Sani. Ba a shiga ƙasarsu da nama. Haƙurin da ya yi ta ba ni ya sa na ji kamar ni zan ba shi haƙuri. Sai ya kai ga ƙullin Baba. Ya kwance, ya ɗaga guda ɗaya ya haska a fitila, ya kira na biyu, na biyu ya kira na uku. Kilishi ya tafi can, amma wannan in aka karɓe ban san da bakin da zan gaya wa Baba ba. Na yi bayani da Turanci, na yi da hannu, ba su gamsu ba. Da na rasa dabara sai na ɗauki guntu na jefa a baki na hau tsotsa kamar yadda nake yi a zaure. Suka dubi juna. Daga ƙarshe suka tsince waɗanda ɓawon itace ya manne wa, suka ƙulle mini sauran, ƙulli mai kyau da ya fi wanda na zo da shi.

Masaukina ɗaki ne a saman gidan wata tsohuwa mai suna Sato, na raɗa mata Iya Sato. Ɗakin bai kai kicin ɗina na Gaya ba. In na shimfiɗa darduma sai na naɗe katifa. Gidan yana da takalmin tsakar ɗaki daban, na banɗaki daban. Kwana na biyu na fito da na banɗaki har falo na zauna ina murmushi. Iya Sato ta dubi ƙafata kamar na shigo mata da akuya. Shi kansa banɗakin maɓallai ne jere, na danna ɗaya ya kama kiɗa, na danna wani ya yi mini abin da ba zan rubuta ba. Daga ranar na koma wa butata.

Abin da ya fi damuna rashin gaisuwa. Mu a Toranke kafin ka wuce ƙofa uku rana ta ɗaga, an tambaye ka gida da gajiya da kwanan yara. Can kuwa sai a ɗan rusuna a wuce. A jirgin ƙasa mutum ɗari, shiru kamar ana zaman makoki. Na ƙi yarda. Kullum da safe sai na tsaya na gaida Iya Sato gaisuwa cikakkiya da Hausa, ina amsa wa kaina. Ba a yi wata ba ta fara cewa "lafiya lau", kuma ko me na tambaye ta amsar ke nan.

Ɗanyen kifi kuwa, mai kitsona, na ci sau ɗaya don kunya. Ba zan ƙara ba. Shinkafarsu ba mai ba gishiri, amma tana da danƙo, ka tuƙa ta kaɗan ta zama tuwo. Wata safiya Iya Sato ta buɗe wani ɗan kwali na waken suya da aka bari ya ruɓa, mai yauƙi, tana jiran ta ga na toshe hanci kamar sauran baƙi. Ni kuwa hawaye ne ya cika idona. Warin daddawa ne sak. Ranar na fito da kukar da na ɓoye a cikin safa, wadda karen nan bai kula ta ba, na kaɗa miya da waken nasu. Iya Sato ta ci tuwo da miyar kuka da tsinkayen nan biyu da suke cin abinci da su, ta nemi ƙari.

Shugaban ɗakin gwaje-gwajen, Farfesa Morita, dattijo ne mara yawan magana. A nan na gane Yaya Sani yana da gaskiya a abu ɗaya: su ma ba sa zuwa hannu biyu. Ko garin da ke kusa mutum ya je sai ya dawo wa abokan aiki da tsaraba. Tunda kilishi ya tafi, na miƙa masa ƙuli-ƙuli. Ya karɓa da hannu biyu, ya gatsa, muka ji ƙara har ƙarshen ɗaki. Ya daɗe yana taɓa haƙorinsa da harshe, sannan ya ce yana da daɗi ƙwarai.

Abokiyar aikina Dakta Emi ce, sa'ata, mai 'ya'ya biyu kamar ni. Ita ta taya ni tace ƙaron Baba. Mun fitar da yashi, mun fitar da ƙafar tururuwa. Haɗin farko ƙwayoyin suka dunƙule kamar kunun da aka dama da gaggawa. Na biyu ma haka. Lokacin da Baba ke idar da lazimin safe, mu can la'asar ta kusa, sai Yaya Sani ya kira ya kara masa waya a kunne.

"Uwata, ya kama?"

"Bai kama ba, Baba. Gudaji yake yi."

"Ki bar shi ya jiƙu sosai, ki tace, ki sake tacewa."

"Haka muke yi, Baba. Rariyarmu ce dai ta fi taka tsada."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Emi ce ta gano inda matsalar take, ta rage tsamin ruwan haɗin, ƙwayoyin suka rabu. Ranar da muka gan su a babban madubin da ke nuna abin da ido ba ya gani, zagayayyu, kowace da rigarta ta ƙaro, ni da ita muka rungume juna. Ita ce kaɗai runguma da na gani a ƙasar.

Daga nan aka shiga gwaji a kan ɓeraye masu cutar a hanta. Tun ranar da na gaya wa Baba, gaisuwarsa ta canza. Kafin ya tambayi lafiyata sai ya ce, "Yaya marasa lafiyar naki? Suna cin abinci?" Mutumin da ya shekara hamsin yana yaƙi da ɓeraye a kan littattafansa, ga shi yana sa su a addu'a. Yaya Sani ya karɓe wayar yana ƙorafi: "Ke Hauwa, ki yi wa Baba magana. Ya hana a ɗana tarko a rumbu, wai ɓerayen 'yan'uwan marasa lafiyarki ne." Sai ya rage murya. "Yaushe za a turo maganin ne? Jikin fa sai a hankali."

Ina jin muryar Baba tana sirancewa mako bayan mako, kuma bai taɓa tambayata maganin da bakinsa ba, ɓeraye kawai. Su kuwa ɓerayen da aka ba maganin a cikin kwanso sun fi waɗanda aka ba shi tsirara kuzari, ba su rame kamar su ba, ƙarin da ke hantar wasunsu ya ja baya. Kowa a ɗakin yana murna. Ni ina murna, ina jin zuciyata kamar an ɗora mata dutse.

Wata rana na shiga ofishin Farfesa Morita na gaya masa komai. Na san amsar, ni ma malamar fannin ce, amma na tambaya ko akwai wata hanya. Ya ja iska ta haƙoransa, ya ce, "Abu ne mai wuya." Na riga na zauna da su har na san ba sa cewa a'a, kamar mu. Sannan ya ƙara da cewa bayan ɓeraye akwai gwaje-gwaje masu yawa, sai an tabbatar ba zai cutar ba kafin a ba mutum ko ɗaya. "Wanda zai sha wannan," in ji shi, "wataƙila yanzu yana firamare." Na yi masa godiya, na shiga banɗaki na danna maɓallin kiɗan nan, na yi kukana.

Kafin in taho na ga al'adar da ta fi ba ni mamaki. Sau ɗaya a shekara ma'aikatan ke taruwa gaban wani dutse a lambun jami'ar, su ajiye furanni, su rusuna, suna gode wa dabbobin da aka yi gwaji da su. Farfesa da kansa, cikin baƙar kwat. Na tsaya gefe ban rusuna ba, ba wanda ya matsa mini. Da na ba Baba labari sai ya ce, "Ruku'u dai na Allah ne. Amma godiyar, Uwata, sun fi mu gaskiya."

Ranar bankwana Iya Sato ta cika mini jaka da ganyen shayi, ta riƙe hannuna tana cewa "lafiya lau, lafiya lau", idonta ya yi ja. Farfesa ya miƙo mini wani abu a naɗe cikin takarda mai kyau, ya ce na mahaifina ne. Hoton ƙwayoyin ne, an wanke shi babba an sa a gilashi. A jirgi ban duba gwiwar kowa ba. Ina ta juya maganar da zan faɗa, duk yadda na juya ta ba ta daɗi.

Ban kwana Gaya ba, Toranke na wuce. Ƙofar gida cike, har da mutanen Balan da na Gafasa, wasu sun zo da nasu marasa lafiyar a bayan babur. Yaya Sani ya karɓi jakata da hannu biyu kamar ƙwai ne a ciki. Baba yana kwance a zaure. Ya rame har na kusa kasa gane shi, in ban da idon. Ya bari aka gama barka da zuwa, sannan ya ce, "Ku ba ni wuri da uwata."

Na kwance hoton na riƙe masa. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan ƙarona ne?"

"Shi ne rigar da ke bayansu, Baba. Maganin yana ciki."

"Ikon Allah. Kamar ƙwan zabi." Ya shafa gilashin da yatsa. "Marasa lafiyar fa?"

"Da yawa sun sami sauƙi."

"Alhamdu lillahi."

Na ajiye hoton. Duk maganar da na shirya ta gudu. Na ce, "Baba, ban taho da shi ba. Ba a kai ga mutane ba tukuna. Da sauran shekaru. Ba zai same ka ba."

"Na sani."

Na ɗago kai.

"Tun ranar da kika ce mini to na sani. Ke in za ki yi abu ba kya cewa to, tashi kike ki yi. Haka mai sunanki take."

"To me ya sa ka ce in taho da shi?"

"Don ki tafi mana. Na ga fuskarki da kika shigo, fasawa kika zo yi. Da ban aike ki ba, da kin zauna nan kina kallon cikina wata shida, ni ban warke ba, ɓerayen ma ba su warke ba."

Na kifa kaina a gefen shimfiɗarsa ina kuka ina dariya. Ya bar ni na yi mai isata. Sannan ya ƙwala wa Yaya Sani kira, ya ce ya fita ya ba mutane haƙuri, ya gaya musu gaskiya: magani yana hanya, amma na jikoki ne, masu ciwo yanzu a kai su asibiti kada a jira. Ya ce kuma gobe ya kai ni bayan gona ya nuna mini dakwarar, in san ta da idona. Yaya ya fita jiki a sanyaye. Baba ya nuna mini wata tukunya a bayan littattafai, ya ce in jawo. Ƙaro ne cike, duk abin da ya tara.

"Ki tafi da shi duka."

"Baba, tawadar fa? Da me za ka haɗa?"

Ya ɗauki kurtunsa ya girgiza a kusa da kunne, ya saurara.

"Wadda ke ciki ta ishe ni."

Allah ya yi masa rasuwa bayan an gama yankan gero. Tukunyar tana ofishina, da ita ɗalibaina ke aiki, kuma duk wanda zai ɗiba sai na gaya masa sunan itacen da mai itacen. Ranar da muke tattara littattafansa na ɗauki kurtun na girgiza a kusa da kunnena, yadda ya yi. Da saura kaɗan a ciki.